Buhunan Yashin Giwar Ruwa

A shekara ta goma sha bakwai da sarautar Sarki Arzika a Birnin Gwabare, duk bakin Tafkin Maje babu wanda ake shakkar ɓacin ransa kamar Sarkin Jirgi Anaruwa. Gwabare gari ne da ke ci daga ruwa. Kanwa da gishiri da busasshen kifi duk ta tafki suke shiga su fita, a cikin manyan jirage masu filafilai, wato faffaɗan ƙyallayen saƙi da ake ɗaurawa jikin dogon itace iska ta tura jirgi. Jirage goma sha biyu Sarki yake da su, babbansu ana kiransa Giwar Ruwa, kuma tun kaka da kakanni gidan su Anaruwa ke riƙe da su. Shi kuwa mutum ne da zai lashi yatsa ya ɗaga sama ya gaya maka iskar da za ta taso jibi. Ya san ya iya, yana kuma so kowa ya san ya iya.

Abin da ya ɓata masa zama daga Gungun Dorina ya taso. Mutanen wannan tsibiri suka shiga tare jiragen Gwabare a tsakiyar ruwa, a damina guda suka kwashe uku. 'Yan jirgi gwanayen igiya da iska ne, amma makaminsu bai wuce sanda da mashin kifi ba. Sai Sarki ya ɗebo dakaru ɗari daga rundunar tudu, masu takobi da bindiga da lifidi, ya ce daga yau a cikin jirage za su zauna. Ba ruwansu da tuƙi. Aikinsu su tsare Sarkin Jirgi, su yi harbi in an kusanci abokan gaba, in an haɗa jirgi da jirgi su tsallaka su yi sara. Ya ɗora musu wani jarumi mai suna Makau, wanda kafin nan bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba.

Watan farko Anaruwa ya sha dariya har ya gode Allah. Kullum jirgi ya motsa sai ka ga Makau rungume da gefen katako yana mayar wa tafki abin da ya karya da shi. Amma dariyar ba ta yi nisa ba. Da rani suka yi karo da jiragen Gungu biyu. Tun hantsi har azahar Anaruwa yana kokawa da iska, ya zagaya, ya ja da baya, ya sake zagayawa, har ya manna Giwar Ruwa a jikin jirgin abokan gaba kamar an ɗinka. Makau da mutum talatin suka tsallaka, faɗan bai kai tsawon cin tuwo ba aka gama. Da suka komo gida, wa makaɗa suka tara? Makau. Wa mata suka yi wa guɗa? Makau. Sarki ya ba shi alkyabba, ya kuma ƙirƙiro masa sarauta sabuwa, Barden Ruwa.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta tsaya wa Anaruwa a maƙogwaro. Da Barden Tudu aka ce, ko Barden Bindiga, da ya haɗiye. Amma ruwa? Ruwan da ya ci ubansa da yayyensa biyu? Ya koma gida ya kasa cin abinci, yana ta maimaitawa a ransa, kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Kishi ne tsagwaronsa, ko da yake shi da kansa sunan kare martabar gida ya sa masa.

Ana cikin haka, bazara ta kawo kai, sai ga manzo daga Gungun Dorina. Aka tara fada. Sarki Arzika yana kan karaga, Waziri a damansa, Galadima a hagunsa, Sarkin Jirgi da Barden Ruwa suna fuskantar juna a kan buzaye. Manzon ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye ƙwarya biyu gaban Sarki, ɗaya cike da busasshiyar ƙasa, ɗaya cike da ruwa. Ya tura ta ƙasar gaba, ya janye ta ruwan zuwa jikinsa.

Ya ce, "Ubangijina Sarkin Gungu yana gaida Zakin Gwabare. Ya ce rabon da Allah ya yi ke nan. Tudu naku ne, ba ya ja. Ruwa nasa ne, duk jirgin da zai ratsa sai da izninsa."

Da aka fita da manzo Waziri ya gyara murya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan tsokana ce, so suke mu fito a lokacin da suka zaɓa. Iskar bazara ba ta da alkawari. A yi haƙuri har ruwa ya kwanta."

Galadima ya ce, "Ranka ya daɗe, in muka yi shiru yau, gobe ƙwaryar ƙasar ma zai aiko a ɗauko masa. Wanda aka taka a bainar jama'a ba ya ramawa a ɗaka."

Aka yi ta kai da komowa har Sarki ya ɗaga hannu, fada ta yi tsit. Ya ce, "Za a fita. Dakaru ɗarin duka za su hau Giwar Ruwa, a nufi jirgin Sarkin Gungu kansa. Sannan akwai abin da na daɗe ina dubawa. Jirgi guda ba ya tafiya da baki biyu. In an komo daga wannan yaƙi zan naɗa Sarkin Yaƙin Ruwa, mutum ɗaya, jirage da dakaru duk a ƙarƙashinsa. Tsakanin ku biyun nan zai fito, tafki ne zai nuna mini wanda ya dace."

Abin da kakannin Anaruwa suka riƙe ba tare da gardama ba, yau an sa shi a faifai ana tayi.

Sai Makau ya juyo ya russuna masa ya ce, "Baba Sarkin Jirgi, ni ɗan tudu ne, ban taɓa yaƙi cikin iskar bazara ba. In akwai abin da ya kamata ni da mutanena mu sani, a gaya mana gaban Sarki, mu kiyaye."

Akwai kuwa. Kowane ɗan jirgi a Gwabare ya san ba a taruwa gefe guda a jirgi mai filafilai. Saboda haka ake jera buhunan yashi a tsakiyarsa. In dakaru za su tsallaka ta dama, Sarkin Jirgi yakan ba da umarni a kwashe buhunan a mayar hagu, nauyi ya daidaita. Ranar da mutum talatin suka tsallaka haka aka yi, dakaru ba su ko lura ba, don idonsu yana kan abokan gaba. Yanzu kuwa mutum ɗari ne, kowanne cikin lifidi, rigar yaƙin nan da aka cusa wa auduga, wadda in ta sha ruwa ta fi mai ita nauyi. Ga kuma al'adar mayaƙan tudu, in an buga tambari ba mai tsayawa baya, abin kunya ne har ga jikoki.

Duk wannan ya zo wa Anaruwa har kan harshe. Amma ladabin nan na Makau ya fi zagi yi masa ciwo, don ya ga yadda Sarki ya gyaɗa kai yana jin daɗinsa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Barde, wa zai koya wa Barden Ruwa ruwa? Ni matuƙin katako ne kawai, in kai ku in komo da ku. Sara naku ne."

Fadawa suka yi dariya, suka ce Sarkin Jirgi ya iya ba'a.

Ranar tashi aka kawo rago fari za a yanka a kan jirgi don neman sa'a. Ana jan sa a kan katakon hawa ya zame ya faɗa ruwa. Gashinsa ya jiƙe, kafin a miƙa masa igiya ya nutse. Limamin fada ya girgiza kai ya ce a yawaita addu'a. Dakaru suka dubi juna. Anaruwa shi kaɗai ya ji sanyi a ransa, ya fassara abin yadda yake so, wai tafki ne ke cewa dabbar tudu ba ta da wurin zama a kansa.

A gaskiya ba kisa ya nufa ba, in dai za a yi masa adalci. Abin da ya tsara a zuciyarsa shi ne jirgi ya ɗan karkata, mutum goma ko sha biyar su zube ruwa, 'yan jirgi su tsamo su da ƙugiya kamar jiƙaƙƙun kaji, in Allah ya sa har da Makau a ciki to madalla. A komo gida gari ya yi dariya, Sarki ya gane wa ke da ruwa. Sai dai bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma kishi ya riga ya rufe masa ido.

Kwana biyu suna tafiya, a na uku da hantsi suka hango jiragen Gungu guda tara sun yi layi a gabas da tsibiri. Nan Anaruwa ya nuna gwanintar da ba a taɓa gani ba. Ya karkasa jiragensa, ya sace wa abokan gaba iska, ya kutsa da Giwar Ruwa ta tsakiyarsu har ya jera da jirgin Sarkin Gungu ta hannun dama. Bindigogi suka tashi, hayaƙin albarushi ya turnuƙe. Aka jefa ƙugiyoyi aka fara jawo jirgin abokan gaba.

Babban matuƙin Giwar Ruwa wani dattijo ne mai suna Dangana, wanda ya yi wa uban Anaruwa aiki kafin shi. Ya ɗaga murya ya ce, "Sarki, a kwashe yashi?"

Anaruwa ya ce, "Dakata."

Jiragen suka ƙara matsowa, saura kamar tsawon mashi biyu. Dangana ya bar sandan tuƙi a hannun wani, ya zo har gabansa ya ce, "Sarki, don girman Allah, yashi! Mutanen nan ɗari ne fa!"

Anaruwa bai dube shi ba. Ya ce, "Na ce ka dakata. Koma bakin aikinka."

Tambarin Makau ya yi ƙara. Mutum ɗari suka yi kabbara suka kwasa dama gaba ɗaya, ba wanda ya yarda ɗan'uwansa ya riga shi. Giwar Ruwa ya karkata. A daidai wannan lokaci iskar bazara, wadda Waziri ya ce ba ta da alkawari, ta bugi filafilai ta hagu. Jirgin ya kwanta har gefensa ya sha ruwa, buhunan yashin da kansu suka gangaro suka bi mutane. Sahun gaba suka zube tsakanin jiragen biyu, na baya suka faɗa kansu. 'Yan jirgi suka ruga da ƙugiyoyi, amma wa za su tsamo? Lifidi ya sha ruwa, mutum sai ya ɗago hannu sau ɗaya, shi ke nan. Anaruwa yana tsaye yana kallo mutum fiye da hamsin suka tafi ƙasa kafin jirgin ya miƙe.

Mutanen Gungu ba su yi jinkiri ba, suka yi ta dirowa cikin Giwar Ruwa. Makau bai faɗa ruwa ba, igiya ce ta sarƙe masa ƙafa ta riƙe shi. Ya miƙe jini na zuba a goshinsa, ya yi kururuwa, "Ku kare Sarkin Jirgi!" Dakarun da suka rage suka yi wa Anaruwa zobe, suna sara suna ja da baya har ƙarshen jirgi, inda aka ɗaure ƙaramin kwalekwale. Makau ya kama shi da hannu ɗaya ya tura shi ciki ya ce, "Tafi, Baba. Gwabare za ta samu wani barde gobe, amma ba za ta samu wani mai sanin iska ba." Ya sare igiyar.

Ko a wannan hali, kwalekwale na nisa da shi, mutane na mutuwa saboda shi, sai da wani abu ya soki Anaruwa a ƙirji: har a nan ma yaron nan ne zai fita da kyakkyawan suna. Sauran jiragen Gwabare da suka ga an ci Giwa suka juya, ɗaya daga ciki ya ɗauke shi.

A gaban Sarki ya faɗi gaskiya, amma wadda aka yi wa aski. Ya ce dakaru sun taru gefe guda, jirgi ya kwanta, ruwa ya ci rabi, takobi ya ci sauran. Ya ce Barde ya yi mutuwar maza, ya faɗi haka da ƙarfi, don yabon mamaci ba ya rage wa mai rai komai. Gari ya ɗauki makoki. Bayan sadakar bakwai Galadima ya ce ba a barin ruwa ba shugaba alhali abokan gaba suna ƙofa, Sarki ya sa ranar naɗi.

Al'adar Gwabare ce sarautar ruwa a bakin ruwa ake naɗa ta. Aka shimfiɗa darduma a kan yashin mashaya, jama'a suka cika maƙil. Anaruwa ya durƙusa gaban Sarki, Galadima ya ɗauko farin rawani ya fara naɗa masa. Sanƙira, maroƙin fada, ya buɗe murya yana zuba kirari: "Kada mai tafki! Na gaban iska, wanda ruwa ke yi wa ladabi! Sarkin Yaƙin Ruwa!" Anaruwa ya lumshe ido. Kwana tara bai yi barcin kirki ba, amma da ya ji sanyin ƙyallen nan a goshinsa sai ya ce wa ransa ai abin da ya wuce ya wuce.

An yi zagaye na uku ke nan mai tsaron hasumiya ya yi ihu, "Jirgi! Jirgi daga gabas!"

Taro ya yamutse, wasu suka fara gudu suna cewa Gungu ta iso. Amma jirgi guda ne, filafilansa a yage, yana tafe a hankali. Anaruwa bai buƙaci a gaya masa ba, ko cikin dubu ya san tafiyar Giwar Ruwa, ya kuma san hannun da ke riƙe da sandan tuƙinsa. Jirgin ya tsaya, mutane suka fara saukowa. Makau ne a gaba, kansa ɗaure da tsumma, dakaru ashirin a bayansa. Bayan su sai 'yan jirgi arba'in, mutanen Anaruwa na gado, waɗanda iyayensu suka bauta wa iyayensa. Suka wuce shi yana durƙushe, ba wanda ya ce masa sannu, suka je suka tsaya bayan Makau.

Sarki ya miƙe tsaye, abin da ba a saba gani ba, ya ce, "Dangana, kai ne babba. Yaya aka yi?"

Dattijon ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Mutanen Gungu ba su iya da manyan filafilai ba, sai suka bar mu da rai mu tuƙa musu, dakarunmu kuma aka sa su kwasar ruwan da ya shiga jirgi. Barde ya raba abincinsa da mu, ya ce in muka ba shi ƙiftawar ido guda zai mayar da mu gida. Shekaranjiya na juya jirgi cikin iska ba zato, itacen filafilai ya share masu gadi, Barde da mutanensa suka gama sauran da hannu da sarƙa. Mu ma mun yi sara, ranka ya daɗe, shi ya koya mana."

Sarki ya ce, "Na ji wannan. Wancan nake tambaya. Shekara goma sha bakwai ban taɓa jin Giwa ya kwanta ba. Me ya kwantar da shi?"

Dangana ya dubi Anaruwa, mutumin da ya goya yana jariri, hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Ba a kwashe yashi ba, ranka ya daɗe. Sau biyu na nemi umarni, sau biyu aka ce in dakata."

Duk wanda ke bakin ruwan nan ɗan tafki ne, ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Wata mata a cikin taro ta fasa kuka, wasu suka kama. Sarkin Dogarai ya matso yana warware igiya daga kafaɗarsa, yana jiran Sarki ya ɗaga yatsa kawai.

Sai Makau ya durƙusa ya ce, "Zaki, ina roƙon arziki. Mutum tamanin na rasa, ba wanda ya fi ni sanin zafinsu. Amma Gungu tana nan da jirage tara, kuma duk ƙasar nan ba wanda zai iya kai ni jikin jirgin sarkinsu sai wannan dattijo. A bar mini shi ya riƙe sandan tuƙi. Ni zan riƙa ba da umarnin yashi."

Anaruwa ya so ƙasa ta tsage. Da igiyar dogari aka sa masa a wuya da ya fi masa sauƙi, don wanda aka kashe ba ya tashi kullum ya gaida wanda ya cece shi.

Sarki ya dubi tafki, sannan ya ce, "An ba ka. Galadima, warware."

Galadima ya kama bakin rawanin ya warware zagaye ukun nan ɗaya bayan ɗaya, a gaban gari duka, ya taka zuwa inda Makau yake durƙushe ya fara naɗa masa. Sanƙira ya sake buɗe murya: "Kada mai tafki! Na gaban iska, wanda ruwa ke yi wa ladabi!" Anaruwa yana nan a kan gwiwoyinsa, kai ba ko hula, yana sauraro. Ko kalma ɗaya maroƙin bai sake ba a kirarin, suna kawai ya sauya.